Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Zuciya, Daga Kasuwar Gamboru Zuwa Asibitin Koyarwa

Cikin 'yan makonnin nan wasiƙu sun yi yawa a kan ciwon zuciya. Waɗansu suna tambayar abin da ke kawo shi, waɗansu suna son su san ko akwai maganinsa a asibitocinmu ko kuwa sai an ƙetare teku, waɗansu kuma, galibinsu mata, tambayarsu a kan kunun kanwa ne da wankan jego. Tun da yake ba zai yiwu a amsa kowace wasiƙa ita kaɗai ba, na ga ya kyautu in haɗa su wuri guda, in ɗauki unguwa ɗaya in yi misali da ita don magana ta fi shiga kunne. Unguwar da na zaɓa ita ce Gamboru ta cikin birnin Maiduguri. A lura fa, ba Gamborun Ngala ta bakin iyakar Kamaru nake nufi ba, wannan ta cikin gari ce, mai babbar kasuwa, kusa da Kwastam, a gefen kogin Ngadda.

Dalilin zaɓenta shi ne duk abin da ke cikin wannan magana yana nan a cikinta. Ga Barebari, ga Hausawa, ga Shuwa da Fulani da Babur da Margi, kowa na neman abin sawa a bakin salati. Ga gishiri da kanwa da banda da man gyaɗa a kasa, ga masu shayi, ga masu tsire da yamma. Sa'an nan kuma daga bakin kasuwar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama tafiyar Keke Napep ce ta ɗan lokaci kaɗan. Amma duk da wannan kusanci, sau da yawa mai ciwon zuciya ba ya isa wurin sai ƙafafu sun kumbura, numfashi ya gagara, an ɗauko shi ranga-ranga. Tafiyar da za a yi cikin mintoci sai ta ɗauki mutum shekara biyar ko goma. Abin da ke tsare shi a hanya shi ne batunmu na yau.

Kafin mu yi nisa bari mu san abin da muke magana a kansa. Zuciya tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana zaune a tsakiyar ƙirji, ta ɗan karkata hagu. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma da baya. Sashen dama shi ke tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu kuma ya watsa shi ga sauran jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. A jikin baligi mai lafiya wanda ke zaune yana hutawa, takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau wajen sau 100,000 ke nan a kwana guda, tana harba jini kimanin lita 5 a kowane minti. Mai injin ban-ruwa a lambunan Alau ya san dole ya kashe injinsa ya huce, ya yi masa juyen mai. Wannan inji kuwa tun mutum yana cikin mahaifiyarsa ya kama aiki, kuma ba shi da ranar hutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan waɗanda suka rasu a shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin hali. Saboda haka zancen nan da ake yi cewa ciwon zuciya na Turawa ne da attajirai masu teɓa, ya kamata a ajiye shi. Abin da ya bambanta mu da Turawa shi ne ƙofar da ciwon ke shigowa. A Ingila da Amurka abin da ya fi damunsu shi ne toshewar ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar, saboda kitse da ke taruwa a cikinsu. Mu ma wannan ya fara yawa a biranenmu, amma har yanzu babban ɓarawon da ke shigo mana shi ne hawan jini, sa'an nan ciwon zuciyar masu jego, da lalacewar ƙofofin zuciya tun daga ƙuruciya.

To, mene ne hawan jini? Ka ɗauki tiyo ka matse bakinsa, za ka ga ruwa na fita da ƙarfi, famfo kuma na wahala. Haka jijiyoyin jini suke idan suka ƙuntata ko suka yi tauri: dole zuciya ta ƙara ƙarfi kafin ta tura jini. Awon da ake yi a dantse lamba biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 a kan 80 shi ne daidai. Idan aka auna mutum a ranaku dabam-dabam aka tarar yana kaiwa 140 a kan 90 ko ya zarce, to yana da hawan jini. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce wajen mutum ɗaya cikin uku na manya a duniya yana da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma wanda nasa ya sauka daidai saboda magani bai wuce ɗaya cikin biyar ba. Nijeriya ba ta kuɓuta daga wannan lissafi ba. In ka tsaya a layin 'yan hatsi ko na 'yan atamfa a Gamboru ka ƙidaya magidanta talatin, kada ka yi mamaki in goma daga cikinsu na ɗauke da shi.

Muguntar wannan ciwo ita ce ba ya sallama. Mutane da yawa suna zaton sai an ji ciwon kai ko jiri ko ganin duhu-duhu, alhali kuwa mutum yakan yi shekaru jininsa na sama yana cin tuwonsa lafiya, yana zuwa kasuwa. A cikin shekarun nan tsokar zuciya tana yin kauri saboda aikin da ya fi ƙarfinta, daga baya ta saki, ta buɗe, ta kasa. A nan ne ake fara haki in an hau ɗan tudu, sai kwanciya ta gagara sai an tara matasan kai biyu ko uku, sai tari da dare, sai takalmi ya daina shiga. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce an yi masa sammu ne ya taka, a yi ta jiƙe-jiƙe da turare. Wani kuwa ba ya ma kaiwa nan: jijiya ce za ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko kuma ƙoda ta lalace.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi rashin sani ɓarna, ita ce ta wanda ya sani, ya fara shan magani, ya bari. Ɗan kasuwa zai sayi ƙwayoyi na kwana goma a kemis, ya ji kansa ya yi sakayau, ya ce ai ya warke. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Yana riƙe jinin ne kamar yadda madatsa ke riƙe ruwa, ranar da aka daina sha jinin zai koma inda yake. Na san masu cewa kuɗi ne, kuma gaskiyarsu, don tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Amma a sani cewa manyan magungunan hawan jini, irin su amlodifin, tsofaffin magunguna ne da kamfanoni da yawa ke yi, akwai masu tsada akwai masu sauƙi. Kada a ji kunyar gaya wa likita ƙarfin aljihu. Gara ya rubuta maka wanda za ka iya saye kowane wata, mai lambar hukumar NAFDAC, da ya rubuta na ƙasar waje ka sha mako biyu ka ajiye. Mai azumi kuma ya nemi likita ya gyara masa lokutan sha tun kafin watan ya kama. Wani abin lura shi ne ƙwayoyin ciwon jiki da 'yan dako da masu tura baro ke haɗiya kullum da yamma, irin su diklofenak da ibuprofen: yawan shansu na ɗaga jini, yana kuma cin ƙoda.

Yanzu sai mu leƙa tukunya. Abin da masana suka tsayar shi ne kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Wannan awo ya haɗa da wanda aka barbaɗa a miya, da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano, da na burodi, da na kilishi da yajin tsire, da na taliyar yara mai ƙullin sinadari. Uwargida za ta jefa dunƙule huɗu ko biyar a miyar kuka, ta ƙara gishiri, ta kawo kanwa, maigida kuma ya zo ya ce a miƙo masa yaji. Iyayenmu da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suka yi miya, ba a kuwa ce ba ta yi daɗi ba. Harshe yana sabawa. In aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni ba wanda zai yi ƙorafi. Shayin safe mai sukari cokali huɗu da lemon kwalba su kuma hanyar ƙiba ce da ciwon sukari, shi kuwa ciwon sukari abokin tafiyar ciwon zuciya ne. Taba dai ba ta da wani awo da za a ce ya yi daidai, ko sigari ce, ko shisha da samari suka ɗauka ado, ko ta gari da ake cusawa a leɓe.

Maganar kanwa tana bukatar a tsaya a kanta, don Barno gidanta ne. Tun zamanin fatake ake haƙo ta a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, a kai ta Kano da ƙasashen kudu, har irin da aka fi so ake kira ungurnu. Ko da yake a wurare da dama ana ce mata fotash, yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne, watau sinadarin nan na gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Ɗan ƙanƙanin da ake sawa a ɗanwake ko kuɓewa ba shi ne abin tsoro ba. Inda magana take shi ne kunun kanwa na mai jego, wanda ake dama mata da kanwa mai yawa ta yi ta sha har kwana arba'in.

A shekarun 1970 waɗansu likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa da kasawar zuciya 'yan makonni bayan haihuwa, mata matasa waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba. Suka bi diddigin mata 224, suka buga sakamakon a 1978. Yawan abin a Zariya ya kai wajen mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari, abin da ba a taɓa jin irinsa ba a wata ƙasa. Su a ganinsu al'adun jego na da hannu: kunun kanwa na cika jiki da gishiri da ruwa, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi kuma suna ƙara wa zuciya aiki. Shekaru da dama wannan bayani shi ake koya wa ɗaliban likita a duniya.

Daga baya likitocinmu na gida suka sake duba maganar. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike da ya haɗa asibitoci da yawa a sassan Nijeriya, aka buga sakamakonsa a 2020. An tarar ciwon na nan daram, ya fi yawa a Arewa, har a wani asibiti a Kano ya kai mace ɗaya cikin haihuwa 96. Amma da aka gwada masu ciwon da matan da suka haihu lafiya, sai aka ga wankan jego da kunun kanwa ba su ne suka raba su ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin goyon ciki. Binciken da ya yi tun kafin wannan kuma ya nuna yawancin masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jininsu mai suna seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci. A taƙaice dai talauci da yunwa sun fi tukunyar wanka laifi.

To, me za mu gaya wa masu wasiƙa? Ra'ayina shi ne kada wannan ya zama lasisin cika wa mai jego ciki da kanwa. Binciken bai ce kanwa magani ce ba. Macen da zuciyarta ta riga ta raunana, ko wadda jininta ya hau da ciki, gishiri mai yawa da ruwan zafi mai ƙuna ƙara mata nauyi za su yi. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a dama kunu ba kanwa ko da 'yar kaɗan. Kuɗin itacen da ake ƙonawa kwana arba'in a raba shi biyu, rabi a saya mata ƙwai da kifi da wake da hanta. Kuma ina kira ga iyaye mata da ungozomomi da surukai, don su ke da iko a ɗakin jego: idan mai jego ta fara haki, ta kasa kwanciya, ƙafa da fuska suka kumbura, tana tari da dare, kada a ce ɗanyen jiki ne a ƙara wuta. A kai ta asibiti a ranar. Da yawa daga cikinsu zuciyar takan farfaɗo in an fara magani da wuri. Wadda ta taɓa yi kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyar ya ce ta koma daidai, kuma nan maigida ne ya kamata ya fi kowa fahimta.

Ƙofa ta uku ta yara ce, kuma ita ta fi ba ni takaici don kuɗin toshe ta bai taka kara ya karya ba. Yaro tsakanin shekara 5 zuwa 15 zai yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. A maimakon asibiti sai a kira wanzami ya cire belu. Wani irin ciwon maƙogwaro kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda in ba a kashe ta da fenisilin ba, bayan mako biyu ko uku sai garkuwar jikin yaron ta juya ta far wa gaɓoɓinsa da ƙofofin zuciyarsa. Gwiwa ta kumbura yau, gobe idon sawu, a ce amosanin gaɓɓai ne ko sanyin ƙashi. Gaɓoɓin za su warke, amma tabon da ke ƙofar zuciya yana nan, sai yarinya ta girma ta yi cikin fari sa'an nan ya bayyana. Ciwon ya fi yaɗuwa inda yara ke kwana a cunkushe, kuma kowa ya san yadda Maiduguri ta cika ta batse tun da rikici ya tashi a 2009 ya koro mutanen ƙauyuka, ɗakin mutum uku ya koma na goma. Yaron da aka gane yana da shi akan yi masa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki kowane mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, don kada ya sake tasowa. Allurar da zafi, amma ta fi wuƙa sauƙi.

Yanzu bari mu shiga asibitin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, shi ne babban asibitin da jama'ar Barno da maƙwabtanta ke dogara da shi, har daga Chadi da Nijar da Kamaru ana zuwa. A 2010 aka yi dashen ƙoda na farko a cikinsa. Akwai kuma Asibitin Ƙwararru na Jiha a tsakiyar gari, da na Umaru Shehu a Bulumkutu. Mai zuwa ganin likitan zuciya ya fi kyau ya taho da takarda daga ƙaramin asibitin da ya fara zuwa, ya kuma zuba dukkan kwalayen magungunan da yake sha a leda ya riƙo, har da na gargajiya, don likita ba ya duba. Bayan tambayoyi da awon jini da sauraron ƙirji, akan yi gwajin da ake kira I-Si-Ji, inda ake manna wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zana tafiyar bugun zuciya a kan takarda. Ba ya ja, ba ya zafi, ko da yake na sha jin tsofaffi na tsoron wai lantarki za a sa musu. Akwai hoton ƙirji da ke nuna ko zuciya ta yi girma ko ruwa ya taru a huhu. Sai kuma Eko, irin hoton da ake yi wa masu ciki, wanda ke nuna zuciya tana motsi, a ga kaurin tsokarta da ƙarfin matsawarta da ko wata ƙofa na yoyo. Akan ɗebi jini kuma a duba sukari da kitse da lafiyar ƙoda.

Yawancin masu ciwon zuciya da magani ake riƙe su: na fitar da ruwa ta fitsari, na saukar da jini, na rage wa zuciya gudu. Waɗanda ƙofarsu ta lalace ƙwarai, da jariran da aka haifa da huji a zuciya, su ne ke bukatar tiyata. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shekara shida da 'yan watanni bayan Dokta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya a Afirka ta Kudu cikin Disamba 1967, aka buɗe ƙirjin mutum aka yi aiki a cikin zuciyarsa a Asibitin Koyarwa na Inugu, ranar 1 ga Fabrairu 1974, Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa tare da Magdi Yacoub, likitan nan ɗan asalin Masar da ya zo daga Ingila. Amma daga nan aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, yau a yi gobe a tsaya, saboda tsadar kayan aiki da rashin tsayayyar wuta da ficewar ƙwararru zuwa Ingila da Saudiyya. Shi ya sa har yanzu masu hali ke tafiya Indiya da Masar. Ɗan ƙwallon nan Nwankwo Kanu, wanda aka gyara wa ƙofar zuciya a Amurka a 1996, ya kafa gidauniya a 2000 don taimakon yara masu irin wannan lalura. Kuɗin aiki ɗaya miliyoyin Naira ne. Mai sayar da tumatir a Gamboru ko ya sayar da rumfarsa da gidansa da wuya ya haɗa.

Kuma ko ginin da na'urorin ba su da tabbas. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, ruwa ya bi Ngadda ya mamaye Gamboru da Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu. Ya shiga Asibitin Koyarwa ya lalata na'urori masu tsadar gaske, aiki ya tsaya na wani lokaci. An yi ta lissafin gidaje da dukiya, amma akwai wata asara da ba ta shiga lissafi: dattijon da ruwa ya tafi da ƙwayoyinsa da katinsa na asibiti, ya yi makonni a makarantar da aka tsugunar da su ba magani, ga fargaba, ga rashin barci. Duk mai shan maganin kullum ya rubuta sunayen magungunansa a takarda ya sa a aljihu, ko ya ɗauki hotonsu a waya, kuma masu kai agaji su riƙa tunawa da masu hawan jini da ciwon sukari kamar yadda suke tunawa da shinkafa da tabarma.

Ba na ƙin a gina manyan sassan zuciya a asibitocin koyarwa, ana bukatarsu, kuma abin kunya ne a ce yaron Barno sai ya je Indiya. Amma in za a tambaye ni inda Naira ta farko za ta shiga, sai in ce a dantsen mutane. Kuɗin tiyata ɗaya zai sayi na'urorin awon jini masu batir da za su wadaci kasuwa guda har da saura. Me zai hana ƙungiyoyin 'yan kasuwar Gamboru, waɗanda ke tara kuɗin masu gadi da na shara, su sayi guda ɗaya a kowane layi, su nemi ma'aikacin lafiya daga asibitin unguwa ya zo rana ɗaya a mako? Lawanai da Bulamomi da limamai su yi shela, kamar yadda aka yi a yaƙi da shan-inna har aka ga bayanta. Awon ma da ƙa'idarsa: mutum ya zauna ya huta minti biyar, kada ya ci goro ko ya sha shayi ko taba rabin sa'a kafin nan, ya ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji, a auna sau biyu. Wanda aka ga nasa ya hau a sake aunawa wata rana, sa'an nan a tura shi asibiti. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, Jihar Barno kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Shugabannin kasuwa su je su tambayi yadda za a shigar da mutanensu a ƙungiyance. Su kuma masu zaman rumfa daga safe har magariba, tafiyar ƙafa da ɗan sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako, ta isa. A zafin Maiduguri na watan Afrilu da Mayu sai a yi ta bayan asuba.

Saura abu ɗaya da wani mai karatu ya tambaya, watau abin yi idan mutum ya faɗi. Wanda ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi, kada a tsaya shafa man zafi ko jiran ɗansa ya dawo daga kasuwa. A zaunar da shi, a tari Keke, addu'a a yi ta a hanya, don kowace sa'a da ta wuce wani yanki na tsokar zuciya ke mutuwa. Wanda bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko wata ƙwaya, zai iya shaƙewa. Asibiti kai tsaye. Wanda kuwa ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi, kamar yadda ya faru ga ɗan ƙwallonmu Samuel Okwaraji a filin wasa na Ikko ranar 12 ga Agusta 1989, kwara masa ruwa da fifita ba za su tashe shi ba. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya durƙusa ya haɗa tafin hannuwansa a tsakiyar ƙirji ya riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, in ya gaji wani ya karɓa, kada a tsaya har a isa hannun ma'aikatan lafiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ciwon ƙoda, wanda ya addabi mutanen Gashuwa da garuruwan bakin kogin Yobe, da yadda yake haɗa baki da hawan jini. Masu tambaya a kansa su aiko da wasiƙunsu da wuri.